Kundin Aikina Kan Ɓarɓashin Maganaɗisu Mai Dakon Maganin Sankara

Litinin, 7 ga Afrilu

Malama, wadda ke duba aikina na digiri na biyu, ita ce ta umarce ni da in riƙa rubuta abin da ya gudana a ɗakin gwaji kafin in bar wurin. Ni kuma na ga ya dace in ajiye kwafi guda da Hausa saboda Kawu da sauran mutanen gidanmu a Agege, waɗanda ke tambayata abin da ke fitar da ni bayan sallar asuba ya hana ni dawowa sai bayan isha.

Aikin shi ne in haɗa ɓarɓashin ƙarfe mai amsa kiran maganaɗisu, in ɗora masa maganin sankara, sannan in gwada ko mayen ƙarfe zai iya tsayar da shi a wuri guda. Maganin da muka zaɓa shi ne doksorubisin, jan ruwan nan da ake zuba wa masu sankarar mama ta jijiya. Yana kashe ƙwayoyin sankara, amma da zarar ya shiga jini ba ruwansa da bambanta ƙullutu da lafiyayyen nama, shi ya sa gashi ke zubewa, ɓargo ya raunana, zuciya kuma ta jigata, har likitoci suka ƙayyade jimillar abin da mutum zai karɓa a rayuwarsa tsakanin miligiram 450 zuwa 550 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jikinsa. Idan aka samu hanyar tara maganin a inda ciwon yake, zuciya za ta samu sauƙi.

Girman ɓarɓashin da nake nema bai wuce nanomita 10 zuwa 15 ba, nanomita ɗaya kuwa ita ce abin da za a samu idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan. Dalilin wannan ƙanƙanta shi ne, idan ƙwayar magnetayit, wato baƙin sinadarin ƙarfe da oksijin da nake son haɗawa, ta gaza nanomita 20 ko makamancin haka, tana zama maganaɗisu ne kawai lokacin da mayen ƙarfe ke kusa da ita, da an janye shi sai ta saki. Wannan dabara ba tawa ba ce, kuma ba sabuwa ba ce. Tun a 1978 Widder da abokan aikinsa a Amurka suka gwada ta a jikin ɓeraye, a 1996 kuma Lübbe da abokansa a Jamus suka buga sakamakon gwajinta a kan majinyata 14 da maganin epirubisin, ɗan'uwan wanda nake amfani da shi.

Kayan da na saya zuwa yau su ne gishirin ferik kulorayid a kan naira 28,000, feros kulorayid 35,000, ruwan amoniya 22,000, mayen ƙarfe na niyodimiyam guda huɗu 18,000, sai cika tukunyar iskar naitirojin 25,000.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Haɗin farko ya lalace. Na bi hanyar da Massart ya bayyana a 1981, wato a narkar da gishirin ƙarfe iri biyu a ruwa, kashi biyu na ferik da kashi ɗaya na feros, a ɗumama, sannan a zuba amoniya ana juyawa da ƙarfi. Na auna giram 5.4 na farkon da giram 2.0 na biyun, na kai ruwan digiri 80, na zuba amoniya. Abin da ya kamata ya fito baƙi ne ƙirin, amma nawa ya fito ruwan ƙasa, kamar kunun da aka zuba wa jar kanwa, kuma da na kara mayen ƙarfe a jikin kofin sai ya riƙa matsowa da ƙyar, rabinsa ma bai motsa ba.

Na yi kusan awa biyu ina zargin ma'aunin zafi kafin ma'aikacin ɗakin gwajin, wani dattijo ɗan Katsina da ya fi shekara ashirin a wurin, ya buɗe kwalbar feros kulorayid ya nuna mini. Lafiyayyen gishirin kore ne mai haske, wanda aka sayar mini kuwa ya koma ruwan ɗorawa, ma'ana iska ta riga ta shige shi ta mayar da yawancinsa ferik tun yana kan kantar mai shago. Ya ce, «Yaro, a garin nan mai laima, kafin ka biya kuɗin sinadari ka sa a buɗe maka shi ka gani da idonka.» Akwai kuma laifina, domin minti biyar kacal na busa naitirojin a ruwan, alhali ana so a kai rabin awa don a kori iskar oksijin da ke cikinsa. Naira 35,000 ta tafi ke nan.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Bayan sallar Juma'a na wuce Ojota na sayo feros salfet a kan naira 12,000 da asid ɗin sitirik a kan 9,000. Sai da aka buɗe mini na ga korensa kafin na biya.

Talata, 15 ga Afrilu

Alhamdu lillahi, yau haɗin ya yi. Na sa giram 2.78 na feros salfet a madadin wancan, na busa naitirojin tsawon minti talatin, kuma ɗigon amoniya na farko na sauka ruwan ya fara juyewa daga launin lemo zuwa baƙi. Da ma'aunin tsami ya kai pH 11 sai na bar shi yana juyawa na ƙarin minti arba'in. Da na kara mayen ƙarfe, cikin ƙasa da minti guda duk baƙin ya taru a bangon kofin, ruwan ya koma garau. Na wanke sau biyar, na busar da kaɗan don awo, lissafi ya nuna na samu giram 2.1 daga cikin 2.3 da ake iya samu.

Na ɗauki bidiyon yadda yake bin mayen ƙarfe na nuna wa Kawu da dare. Washegari da safe na ji yana gaya wa maƙwabta a ƙofar masallaci cewa ɗansa ya gano maganin daji. Na ja shi gefe na ce, «Kawu, don Allah a bar wannan magana, abin da na yi baƙin ruwa ne a cikin kofi, ko ɓera bai gani ba tukuna.» Na damu ƙwarai, saboda a layinmu akwai matar da ake kai wa asibiti a Idi-Araba duk bayan mako uku, kuma bai kamata irin wannan labari ya isa kunnen mijinta ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

An ɗauke wuta ina tsakiyar zuba amoniya a haɗi na uku, injin juyawa ya tsaya, kuma kafin a tada janareta an shafe minti goma sha biyu. Ɓarɓashin da ya tsiro a ruwan da ba ya motsi girmansa ba ya zuwa ɗaya, don haka na zubar. Mun yi shawara da ɗalibai huɗun da muke ɗaki ɗaya cewa duk ranar haɗi za mu tada janareta tun farko, kowa ya kawo 30,000 kuɗin mai na zangon.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ɓarɓashin da ba a yi wa riga ba yana dunƙulewa ya kwanta a gindin kwalba cikin 'yan awoyi. Na dafa shi da asid ɗin sitirik a digiri 80 na awa guda, na mayar da tsamin pH 7. Sitiret ɗin yana kama fuskar ƙarfen da wani sashensa, ya bar sauran a waje ɗauke da caji mai korar ɗan'uwansa, don haka ƙwayoyin ke ture juna maimakon su manne. Yau kwana uku ke nan kwalbar na kan tebur, ba abin da ya kwanta. Na sake cika naitirojin, 25,000.

Laraba, 30 ga Afrilu

Sakamakon awo ya dawo. Na'urar XRD, wadda ke harba hasken eksire a kan gari ta karanta tsarin ƙwayoyinsa, ta nuna tsinin da ya fi tsawo a digiri 35.5, sauran kuma a 30.1 da 43.1 da 57.0 da 62.6, daidai da inda ake tsammaninsu. Da na sa faɗin babban tsinin a lissafin Scherrer sai girman ƙwaya ya fito nanomita 11. Malama ta ja mini kunne kada in rubuta cewa zallar magnetayit ce, domin magemayit, wadda magnetayit ke komawa idan ta sha iska, tsininta kusan a wuri ɗaya suke fitowa. Awon hasken infared ya nuna alamar haɗin ƙarfe da oksijin a wajajen 580, awon ƙarfin maganaɗisu kuma ya ba da 61, alhali dunƙulalliyar magnetayit tana kai 92, kuma wannan ragi abu ne da aka saba gani a ƙananan ƙwayoyi.

Awon girma a cikin ruwa shi ne ya ɗaure mini kai da farko, domin ya ba da nanomita 130. Bayanin shi ne ƙwayoyin ba ɗaiɗai suke yawo ba, ƙungiya-ƙungiya suke, ga rigar sitiret da ruwan da ke manne da ita. Kuɗin awon duka 85,000.

Talata, 6 ga Mayu

Na karɓi doksorubisin kwalba biyu ta hannun sashenmu, 40,000. Irin na asibiti ne, garin da aka gauraya da laktos, don haka dole in cire nauyin laktos ɗin a lissafi. Safar hannu biyu, takunkumi, aiki a cikin akwatin zuƙe iska, shara kuma a mazubinta na dabam. Na shirya jerin ruwa mai ƙarfi daban-daban na auna yawan hasken da suke sha a zangon haske na nanomita 480 don samun layin awo, amma na manta ban naɗe kwalaben da takardar alminiyam ba, suka wuni a bakin taga. Haske na lalata maganin, sai na sake duka da yamma.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na gauraya miligiram 50 na ɓarɓashi da miligiram 5 na magani a ruwa mililita 10, suka kwana suna girgiza a cikin duhu. Maganin yana da caji kishiyar na sitiret, don haka suna kama juna ba tare da wani ɗauri ba. Da safe na ja ɓarɓashin gefe da mayen ƙarfe, na auna jan da ya rage a ruwan, lissafi ya nuna miligiram 3.6 ya hau, wato kashi 72 cikin 100.

Talata, 13 ga Mayu

Gwajin sakin magani. Na sayi jakar tacewa a kan 45,000, na zuba ɓarɓashin a ciki, na tsoma a ruwan gishirin fosfet mai zafin jiki, digiri 37, ɗaya a pH 7.4 irin na jini, ɗaya a 5.5. Bayan awa 48, na farkon ya saki kashi 21, na biyun kashi 58. Na je ofishin Malama da takardar ina murmushi.

Ta duba ta tambaye ni ina ne a jikin mutum ake samun 5.5. Na ce a ƙullutun sankara. Ta ce in koma in karanta. Gaskiyarta ce, domin ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin sankara tsaminsa yana tsakanin 6.5 da 6.9 ne, shi kuwa 5.5 sai a cikin ƙananan jakunkunan da ƙwayar halitta ke haɗiye abu da su. Ke nan alƙalumana za su yi amfani ne kawai idan ƙwayar sankarar ta haɗiye ɓarɓashin. Ta ce in sake a 6.8.

Litinin, 19 ga Mayu

A 6.8 ya saki kashi 27, tazararsa da na jini kaɗan ce. Fiye da rabin wannan ma a awa huɗun farko ya fita, alamar wani sashe na maganin a sama-sama yake zaune. Ruwan sama ya hana ni isa Yaba sai ƙarfe goma sha ɗaya, awon awa 24 ya makara da minti hamsin, na rubuta hakan a gefen jadawalin.

Alhamis, 22 ga Mayu

Wannan ita ce rana mafi muni tun da na fara. Ina wanke jakunkunan tacewa sai na lura abin da ke ciki ya zama gudaji-gudaji da ido ke iya gani. Na ɗebi sabon ɓarɓashi mai magani na zuba a ruwan gishirin fosfet a kwalbar gwaji, kafin minti ashirin ya kwanta a ƙasa, alhali ɗan'uwansa da ke ruwa zalla bai motsa ba.

Abubuwa uku ne suka taru. Maganin da na yi ta murnar ya hau da yawa ya cinye cajin da ke sa ƙwayoyin ture juna, gishirin ruwan ya dakushe ɗan abin da ya rage, fosfet kuma yana son fuskar ƙarfe har yana ture sitiret ya zauna a gurbinsa. Jinin mutum ruwan gishiri ne mai fosfet, ga furotin da ke lulluɓe duk baƙon abin da ya shigo. Ƙananan hanyoyin jini faɗinsu bai wuce maikuromita 5 zuwa 10 ba, don haka gudaji irin waɗannan za su iya toshe su, kuma huhu ne wurin farko da allurar jijiya ke isa bayan zuciya. Ko da ba su toshe komai ba, hanta da saifa za su kwashe su cikin ɗan lokaci. Ke nan duk abin da na auna tun 13 ga wata a kan dunƙulallen abu na auna shi, sai an sake.

Dattijon ɗakin gwaji ya same ni zaune na yi tagumi, ya ce in gode wa Allah da abin ya faru a kwalba.

Talata, 27 ga Mayu

Mun koma rigar dekstiran, wani dogon sukari, irin wanda aka maƙala wa rukunin kaboksil don magani ya samu wurin kamawa. Malama ta tuna mini cewa ferumoksitol, allurar ƙarfen da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2009 don masu ƙarancin jini da ciwon ƙoda, ita ma ɓarɓashin ƙarfe ce cikin rigar sukari. Kuɗin dekstiran ɗin 60,000, sabon awon girma 20,000. Girman a ruwa ya fito nanomita 95, ya kwana ya wuni a ruwan fosfet bai kwanta ba, amma maganin da ya hau ya sauko zuwa kashi 55. Na karɓi wannan ragi hannu biyu.

Asabar, 31 ga Mayu

Yau na gwada abin da aikin ya dogara a kansa, wato tsayar da ɓarɓashi a ruwa mai gudu. Na shimfiɗa robar ƙarin ruwa mai faɗin ciki milimita 3, na haɗa ta da famfon sirinji, na sa gudun mililita 1 a minti, wanda ya yi daidai da kimanin milimita 2.4 a daƙiƙa. Abin da ya wuce ina tara shi, in narkar da asid, in auna ƙarfen da ke ciki. Robar da sirinji da gilisarin sun ci 11,000.

Kawu, wanda sana'arsa a mayankar Oko-Oba take, ya dage cewa nama zai tare ƙarfin mayen ƙarfe, ya yanko mini tsoka fala-fala mai kaurin santimita ɗaya, biyu da uku, ya ce in gwada in ba shi labari. Na gwada da nama a tsakani, na kuma gwada da katako mai kauri ɗaya, sakamakon bai bambanta ba. Nama ba ya tare komai, nisa ne ke kashe ƙarfin.

Da mayen ƙarfe na manne da roba, ɓarɓashin dekstiran ya tsaya kashi 62. A santimita ɗaya kashi 21, a biyu kashi 5, a uku kuwa abin da na auna bai fi kuskuren awo ba. Da na ƙara gudun zuwa mililita 5 a minti, ko a manne kashi 30 ne ya tsaya. Don kwatance sai na zuba tsohon na sitiret da ya dunƙule, shi kuwa ya tsaya kashi 95 a manne, 70 a santimita ɗaya.

Na daɗe ina kallon layukan nan biyu. Ƙarfin da mayen ƙarfe ke jan ƙwaya da shi yana ƙaruwa ne da yawan ƙarfen da ke cikinta, don haka gudaji sun fi saurin amsawa, kuma abin da ya burge Kawu a bidiyon watan jiya dunƙulewa ce, wadda ita ce kuma haɗarin. Ɓarɓashin da ya dace da jijiya shi ne mai taurin kai a gaban maganaɗisu. Yanzu na fahimci abin da ya sa a gwajin Jamus aka zaɓi ƙullutun da ke kusa da fata, kuma duk da mayen ƙarfe mai ƙarfin tesla 0.5 zuwa 0.8, a kusan rabin majinyatan ne aka ga ɓarɓashin ya taru a wurin. A ganina, duk rubutun da ya nuna hoton kofi da mayen ƙarfe a gefe ba tare da gwajin gudu da nisa ba, bai taɓa ainihin tambayar ba.

Naman dai bai koma gida ba, ya shiga mazubin sharar ɗakin gwaji, abin da Kawu ya ce ɓarna ce.

Talata, 3 ga Yuni

Malama ta ba ni nazarin da Wilhelm da abokan aikinsa suka buga a 2016, inda suka tattara gwaje-gwajen shekara goma a kan dabbobi suka gano cewa matsakaicin abin da ke isa ƙullutu daga ɓarɓashin da aka yi allura kashi 0.7 ne cikin 100. Ta ce in sa shi a babi na biyu, in kuma cire kalmar «warkarwa» daga taken aikina. Na cire. Jimillar kuɗin da na kashe zuwa yau naira 465,000 ce, ban da kuɗin mota. Za a rufe ɗakin gwaji don Babbar Sallah, na naɗe komai na sa a firji.

Laraba, 11 ga Yuni

Firjin ya yi kwana biyu babu wuta a lokacin hutu. Ɓarɓashin dekstiran marar magani lafiyarsa ƙalau, amma narkakken maganin na zubar, saura kwalba ɗaya da ba a buɗe ba.

Na maimaita gwajin gudu da ruwan da aka gauraya da gilisarin kashi 40, wanda kaurinsa ya kusanci na jini. A manne kashi 62 ya sauko 38, a santimita ɗaya kuma 9.

Mun zauna da Malama mun tsara makonni huɗu masu zuwa. Zan haɗa ɓarɓashi kala uku masu girman nanomita 95 da 150 da 200 a ruwa ta hanyar sauya yawan dekstiran, in ga inda kamun maganaɗisu ke ƙaruwa ba tare da sun kwanta a ruwan fosfet mai furotin ba. Zan jera mayen ƙarfe biyu ta fuskoki daban-daban, in kuma sa a feƙe mini ɗan guntun ƙarfe mai tsini in ɗora a kan ɗaya, domin bambancin ƙarfin maganaɗisun daga wuri zuwa wuri shi ke jan ƙwaya, tsini kuwa yana ƙara shi. Sai na sake gwajin sakin magani a pH 7.4 da 6.8 da 5.5, kowanne sau uku. Bayan nan ne za a ba ni ƙwayoyin MCF-7 na sankarar mama don gwajin MTT, wanda ke nuna yawan ƙwayoyin da suka rage da rai, kuma an riga an gargaɗe ni cewa baƙin ɓarɓashi yana shan haske a nanomita 570 inda ake karanta sakamakon, don haka dole in ware ramukan farantin gwajin da ke da ɓarɓashi babu ƙwayoyin halitta in cire adadinsu. Kuɗin da ake bukata kimanin 210,000 ne, ina da 80,000 a hannu, kuma gobe zan miƙa takardar neman tallafi a sashe kafin in wuce wajen maƙeri a Mushin da zanen tsinin.